Ɓeran da Baƙuwa Ta Ƙi

Duk wanda ya taɓa zama a garin Sarina ya san gidan Noelene Zammit, ko da bai taɓa taka ƙafa ciki ba, kuma yawancinmu ba mu taka ba. Gidan katako ne bisa dogayen ginshiƙai a ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare gonar rake ta fara. A bayansa akwai dogon ɗakin kwano, nan macizan suke. Fadan cocinmu ma da ya je yi mata ta'aziyyar mijinta, a tsaye ya sha shayinsa, idonsa na ƙarƙashin kujera.

'Yar manomin rake ce, jikar mutanen Malta da suka zo saran rake tun zamanin da ake yinsa da adda. A gidan da ta tashi ba a zubar da komai. Burodin jiya a jiƙa shi da madara a gasa, tsohuwar riga ta zama tsumma, tsumma ya zama igiyar ɗaure tumatir. Idan yaro ya rage loma a faranti, uwarsu ba ta faɗa, tura farantin kawai take gaban na kusa da shi. Ubansu kuwa duk macijin da ya gani, mai dafi da marar dafi, shebur ne rabonsa, ya rataye shi a wayar shinge. Noelene ta girma, ta auri Clarrie direban jirgin ƙasa mai ɗaukar rake, ta yi shekara talatin a ɗakin wankin asibiti tana ninke zannuwa. Allah bai ba su haihuwa ba, ba ta kuma taɓa zama tana kuka da hakan a gaban kowa ba.

Macijinta na farko a bola ta tsince shi. Wasu 'yan haya ne suka tashi, suka ajiye akwatin gilashi a bakin titi tare da karyayyun kujeru, da mesa a ciki, rana tana dukanta. Ta ɗauke ta don kawai ba ta iya wucewa ba. Namiji ne ashe, ta sa masa suna Gordon, sunan wani shugabanta a wurin aiki mai ci kamar gara. Daga nan ta nemi lasisi, ta karanta abin da za ta karanta, labari ya bazu cewa akwai matar da ke karɓar mesar da aka gaji da ita. Kuma ana gajiya da su, wallahi. Mutum zai sayi jaririyar mesa don ya burge abokai, bayan shekara biyu ta yi tsawon ƙofa, sha'awa ta gushe. Kare idan ka bar shi da yunwa duk unguwa sai ta ji. Mesa kuwa ba ta kuka, ba ta haushi, sai ta naɗe a lungu ta yi wata shida tana mutuwa, mai ita yana zaune gefenta yana kallon ƙwallo. Irin waɗannan ake kawo wa Noelene, ta yi jinyarsu, waɗanda suka warke ta nema musu gidan kirki.

Tana da ƙa'ida, kuma ba ta wasa da ita. Duk sabon zuwa ba ya shiga ɗakin kwano. A ɗakin wankinta na ƙarƙashin gida yake zama watanni, da kwanon ruwansa, da awartakin ba shi abinci, da tsummansa, ba abin da ke haɗa shi da na baya. Ita ce ma ke tsawata wa sababbin masu kiwo a kan haka. Ranar Lahadi bayan coci ake ciyarwa. Ta fito da ɓeraye daga firiza, ta zuba su a bokitin ruwan ɗumi su saki, ta bi akwati-akwati. Ɓeran da ya saki ba ya komawa firiza, kowa ya san wannan. Idan wani maciji ya ƙi nasa, sai a kai wa Gordon, don shi tunda yake bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Ƙanenta Vince ba ya kiransa Gordon ma, Juji yake ce masa.

Vince ɗin nan sana'arsa share gidajen da 'yan haya suka gudu suka bari. Wata ranar Juma'a da la'asar, farkon damina, ya faka a-kori-kurarsa a ƙofar gida ya danna hon.

"Yaya! Fito ki ga tsarabar da na yo miki."

"In kare ne, mayar da shi inda ka samo."

"Ina ma kare ne," in ji shi, yana sauko da wani akwatin roba, ya kau da hanci gefe. "A bayan firij na same shi. Na ɗauka ɓera ne ya mutu, ashe abin da ke ciki da sauran numfashi."

Ta buɗe murfin, wari ya buge ta. Macijiya ce doguwa, amma ba komai a jikinta sai fata da ƙashi, ƙashin bayan ya taso kamar kunya a gona. Saɓa a kan saɓa ta manne mata har ta rufe idanu. Cikinta ƙuna ce ɗanya, inda ta riƙa naɗe ƙwan fitila don neman ɗumi. Bakin ya kumbura, ga ƙananan kaska baƙaƙe suna yawo tsakanin ɓawon jikinta. Duk wannan Noelene ta saba gani. Abin da ya sa gabanta ya faɗi shi ne zanen bayan, da jan da ke wutsiyar.

"Wannan ba tamu ba ce, Vince."

"Ta wa ce to?"

"Bowa ce, dangin mesa. Daga Amurka ta Kudu ake sato su." Ta mayar da murfin a hankali. "Ba mai lasisin ajiye ta a ƙasar nan. Ni ba ni da shi, kai ba ka da shi."

"To sai a yi yaya da ita?"

"A kira hukuma. Su zo su ɗauka, su yi mata allura."

"Allurar warkewa?"

Ta harare shi. Ya gane, ya sosa ƙeya.

Dokar ba ta zalunci ba ce, Noelene ta fi kowa sanin haka. Irin wannan macijiya idan ta kuɓuce ta shiga rake ta hayayyafa, ba mai iya kwashe ta, ga cututtukan da suke zuwa da su waɗanda namu ba su san su ba. Lambar da ake kira tana manne a jikin firij ɗinta. Amma ta dubi agogo ta ce yau Juma'a, sun tashi daga aiki, a bari sai Litinin. Ko ba komai, a bar baiwar Allah ta sha ruwa kafin ta mutu.

Ta kai ta ɗakin wanki, ta zuba ruwan ɗumi a baho ta sa ta ciki. Macijiyar ta yi lamo kamar matacciya. Can sai ta tsoma baki ta fara sha. Ta sha, ta sha, maƙogwaronta yana motsi a hankali, ba ta ɗago ba har ƙafafun Noelene suka yi sanyi a tsugune. Wannan shan ruwan ne ya karya zuciyar Noelene. Litinin ta zo ta wuce, wata Litinin ta bi bayanta, wayar tana nan inda take.

Ba ta sa mata suna ba, don a ganinta in ka raɗa wa dabba suna ka riga ka ce taka ce. Baƙuwa kawai take ce mata, har ya zama sunan. Likita kuwa ba halin kai ta, don haka da ragowar magungunan da ke gida ta yi jinyar. Ta riƙa jiƙa ta tana ɓare tsohuwar saɓa kaɗan-kaɗan da jiƙaƙƙen tawul, ta wanke bakin da auduga, ta shafa wa ƙunar mai, ta yaƙi kaskar nan har ta ga bayanta. Da Baƙuwa ta ɗan sami ƙarfi, godiyar farko da ta yi ita ce ta kafa wa Noelene haƙora a wuyan hannu. Ba ta da dafi, amma jini ya zuba sosai.

"Madalla," in ji Vince da ya ga bandejin. "Kin ga sakayya. Yaushe za ki kira mutanen nan?"

"Sai ta ɗan murmure."

"Ta murmure don a kashe ta da ƙiba? Yaya, in aka kama ki, har na ɗakin kwano za su kwashe."

"Wa zai faɗa musu? Kai?"

"Ni ban ga komai ba. Firij na ɗauko, firij na zubar."

Duk wanda ya riƙe macijiyar nan a baya, da mugunta ya riƙe ta. Inuwar hannu kawai za ta gani ta hau huci tana kai sara. Noelene ta cire tsohuwar rigarta wadda ta sha gumi ta sa mata a akwati, don ta saba da warinta. Kullum da safe ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannu a bakin akwatin, ba ta taɓa ta, tana ba ta labarin unguwa, wa ya mutu, wa ya sayi sabuwar mota. Sannu a hankali hucin ya ragu. Abinci ne dai ta ƙi. Kowace Lahadi a miƙa mata ɓera ta kau da kai, Noelene ta naɗe shi a jarida ta jefa a kwandon shara, ranta yana sosuwa, amma tana jefawa.

Sai wata Lahadi, Baƙuwa ta cafke ɓeran. Ta riƙe shi a baki, ta ɗan naɗe shi, Noelene ta ƙame ko numfashi ba ta yi. Can sai ta sake shi ta janye. To ai ko wannan ci gaba ne! Farin ciki ya cika Noelene, ta ɗauko ɓeran da awartaki, ƙato ne, lafiyayye, jiƙe da yawu. Ga kwandon shara nan a gefen ƙafarta. Vince yana sama yana ƙwala mata kira wai taliya za ta huce. Sabo turken wawa, ƙafafunta suka yi abin da suka shekara ashirin suna yi. Ta ƙetare tsakar gida, ta buɗe akwatin Gordon, ta miƙa masa. Ya karɓa ba musu. Sai da wutsiyar ɓeran ta kusa ɓacewa a bakinsa sannan ta tuna daga inda ta ɗauko shi.

Ta tsaya tana kallonsa yana miƙa wuya yana gyara loma. Ta ce a ranta sau ɗaya ne ai, kuma Baƙuwa yunwa ce ciwonta, ba cuta ba. Ta zuba wa Gordon ido mako guda, ba abin da ya same shi. Da a nan abin ya tsaya, da mutum ya ce tsautsayi ne. Amma da Baƙuwa ta sake cafkewa ta saki a Lahadin gaba, da wadda ke bin ta, Noelene ta sake kai wa Gordon, wannan karon idonta biyu, da saninta. Ta ce tunda na farko bai yi komai ba, asarar ɓera ta mece ce.

Daga baya Baƙuwa ta fara ci, kuma da ta fara ba ta tsaya ba. Ƙunar ta warke ta bar tabo. Ta yi saɓa guda cikakkiya tun daga hanci har wutsiya, ta fito fes, ruwan toka da ruwan ƙasa, wutsiyar ja wur. Jiki ya cika, ta yi nauyin da sai da hannu biyu. In Noelene ta sa hannu a akwati, sai ta ɗanɗana shi da harshe, ta hau, ta bi damtse ta ɗora haɓa a kafaɗarta. Haka take shanya a ƙarƙashin gida da macijiya a wuya, inda ba mai hangowa daga titi. Vince kuwa ko ƙofar ya leƙo sai an yi masa huci.

"Ni na ceto ki fa, marar mutunci," yakan ce. "Da ba don ni ba da yanzu kina bola."

A duk macizan da suka bi ta hannunta, ba wanda ya taso daga bakin kabari kamar wannan, kuma ba wanda ya yarda da ita haka. Tana alfahari da ita, ga shi ba wanda za ta nuna wa.

Damina ta wuce, aka fara saran rake. Wata safiya ta shiga ɗakin kwano ta tarar Gordon ya amayar da abincinsa, abin da bai taɓa yi ba. Bayan 'yan kwanaki ta same shi ya ɗaga kai sama ya ƙura wa rufi ido, wuyan ya karkace. Ta taɓa shi, ya juye rigingine, farin cikinsa a sama, yana ta murɗawa ya kasa juyowa. Ta naɗe shi a rigar matashin kai ta nufi asibitin dabbobi.

Likitar, Imogen Leong, ɗiyar wata ƙawarta ce da suka yi aiki tare a ɗakin wankin asibiti. A gaban Noelene ta yi rarrafe, a kan tarin zannuwan asibiti ta yi barcin rana tana yarinya. Tunda ta dawo da digirinta take duba macizan Noelene a lokacin hutunta na cin abinci. Ta kwantar da Gordon a tebur, ta kifar da shi ta ga ya kasa juyowa, ta haska idonsa. Fuskarta ta canza.

"Anti, zan tambaye ki wani abu, kada ki ji haushi. Akwai wani sabon maciji da ya shigo gidan? Ba namu na nan ba, na waje nake nufi."

"Na waje kamar yaya?"

"Kamar bowa. Akwai cutar da suke ɗauke da ita a jini. Ita bowar sai ta yi shekaru garau, tana ci tana ƙiba, ba ki ganin komai. Amma in ta kai ga mesa, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ba magani. Ta kaska take bi, ko yawu, ko kayan da aka haɗa. Akwai wasu cututtukan masu kama da haka, sai an gwada. Amma in akwai, gara in sani yanzu."

Noelene ta dubi yarinyar nan da ta goya. Ta san kalma ɗaya za ta faɗa, kafin mako ya fita an zo an ɗauke Baƙuwa.

"Ni? A ina zan samo bowa, Imogen? A kasuwar Asabar?"

Likitar ta yi 'yar dariya. "Na sani, Anti. Ke da ko tsumma ba kya haɗawa. Dole ce ta sa na tambaya."

Wannan yabon ya fi mari zafi. Imogen ta ɗebi jini za ta aika birni, ta ce sakamako zai ɗauki lokaci. Noelene ta koma gida da Gordon, ta kai shi ɗakin kwananta, ta riƙa ɗiga masa ruwa a baki da sirinji. Bai kai ga sakamakon ba. Vince ne ya haƙa ramin a gindin mangwaro, dogo siriri. Da suka mayar da ƙasa, ya dogara da shebur, ya dube ta.

"Baƙuwa ce, ko?"

"Ya tsufa, Vince."

"Yaya, ni ne fa. Juji da ko dutse aka ba shi zai haɗiye." Ya dubi gindin mangwaron. "Laifina ne. Da na bar ta a bayan firij ɗin nan."

Ta so ta bar shi da laifin, ko na minti ɗaya ne, ta huta. Amma ba ta iya ba. Ta faɗa masa zancen ɓeran, ta faɗa masa ba sau ɗaya ba ne. Mutumin da bai taɓa rasa abin tsokana ba, ranar ɗaukar sheburinsa kawai ya yi ya je ya wanke a famfo.

Kuma duk da haka ba ta kira ba. Mutum in yana son abu, ba dabarar da ba zai yi wa kansa ba. Ta wanke ɗakin kwano da bilic mai kashe ƙwayoyin cuta tun daga rufi har ƙasa, ta ƙone katakon akwatin Gordon, ta sayi sabon takalmin roba na shiga ɗakin wanki kaɗai. Ta ce wanda ya mutu ya riga ya mutu, kashe Baƙuwa ba zai dawo da shi ba. Da safe ta zauna a kujerarta, macijiyar ta hau kafaɗarta kamar kullum, sumul, lafiya lau, ba ta san ta yi komai ba. Ai kuwa ba ta yi komai ba. Noelene ta nemi haushinta a zuciya ta rasa, kanta kawai take jin haushi. Abinci ya daina shiga. A coci in an zo wurin neman gafara sai ta sunkuyar da kai, ta fita kafin a gaisa.

Akwai wata 'yar ƙaramar mesa da akwatinta ke jikin na Gordon, wadda aka kawo da karyayyen haƙarƙari ta warke sarai. Har an samar mata gida, wata malamar makaranta a garin Mackay mai macizai uku za ta zo ɗauka ƙarshen mako. Noelene ta shiga da safe don ta gyara ta, ta tarar ta ɗaga kai sama tana kallon rufi.

Ta zauna a kan bokiti. Da cutar ta jinkirta kwana kaɗan, da ta miƙa wa matar nan da hannunta, da murmushi, ta kai wa nata ukun. Ta tashi, ko takalmi ba ta canza ba, ta tafi asibitin dabbobi ta jira har Imogen ta sallami mai kyanwar da ke gabanta.

"Na yi miki ƙarya," ta ce daga bakin ƙofa. "Akwai bowa. Tun farkon damina tana ɗakin wankina."

Imogen ta ajiye abin da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Anti, kin san macizan mutane nawa na taɓa a kan teburin nan bayan Gordon? Na wanke shi, e, kullum ina wankewa. Amma da kin faɗa mini, da ba haka zan wanke shi ba. Yanzu sai na kira su ɗaya bayan ɗaya."

"Na sani."

"Ke kika koya mini killace sabon zuwa tun ban shiga jami'a ba."

"Na sani, 'yata."

"Kada ki ce mini 'yata yanzu." Ta juya baya, ta goge ido da gefen hannu. Da ta juyo ta koma likita sak. Ta ce dole ta sanar da hukuma yau. Za a gwada duk na ɗakin kwano, wanda aka samu da cutar ba zai tsira ba. Zancen lasisi kuwa ba a hannunta yake ba. Abu ɗaya za ta roƙa, a bari a yi wa bowar allurar a nan, kada a jefa ta bayan mota a tafi da ita. Aka amince da hakan.

Ranar da aka sa, Vince ya zo zai kai ta, ta ce ya bari. Ita ta ɗauko akwatin, ta ɗaure shi da bel a kujerar gaba. A asibitin akwai jami'in hukuma, wani dogo mai ladabi, ya zo da ƙugiyarsa da safar hannu mai kauri. Ya ce ta zauna a waje, za su kira ta in an gama. Ta zauna a benci, ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ta ji an buɗe murfi, sai huci, irin hucin da ta manta da shi, sannan ƙarar kai yana dukan roba. Jami'in ya ce wa mai taimaka wa likita ta kawo tawul, shi zai danne wuyan da ƙugiya, ita ta hau kan jikin.

Noelene ta tura ƙofar.

"Ku bari."

"Madam, tana sara fa."

"Na ce ku bari. Ja baya, ɗana, inuwarka take gani."

Ta tsuguna, ta ɗora hannu a bakin akwatin, ta fara magana ƙasa-ƙasa, zancen banza, wai an fara saran gonar bayan gida, wai Vince ya ce a gaishe ta. Hucin ya lafa. Harshe ya fito ya taɓa yatsunta. Baƙuwa ta ɗago ta hau hannun, ta bi damtse, ta zagaya ta ɗora haɓa a kafaɗa, ta saki jiki. Jami'in ya sauke ƙugiyarsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Wa ya yi mata wannan horon?"

Noelene ta tallafe wutsiyar macijiyar. Watanni ta yi tana koya wa dabbar nan cewa akwai hannu ɗaya a duniya da ba ya cutarwa, ta yarda, ga shi yau da wannan yardar za a riƙe ta.

Imogen ta matso da sirinji. Ta ce allurar farko ta barci ce, ba za ta ji ta biyun ba. Ta tsaya, ta dubi tsohuwar.

"Anti, ba dole ne ki tsaya ba."

"In na fita danne ta za ku yi. Yi aikinki."

Da allurar ta shiga, Baƙuwa ta ɗan zabura, ta ƙara matse hannun Noelene, ta cusa kai cikin wuyan rigarta tana neman mafaka. Noelene ta riƙa shafa bayanta tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ba ke ba ce. Matsewar ta riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan, nauyin ya zubo mata a cinya, sai da ta tallafe da hannu biyu don kada ya zame ƙasa. Imogen ta yi ta biyun, ta jira, ta saurara da na'urarta, ta sake jira.

Can ta ce an gama. Noelene ta ce ta ji, amma ba ta sauke ta ba, su ma ba wanda ya ce ta sauke.